Kwana Shida Tsakanin Darasi da Darasi: Yadda Waya Ta Hana Situdiyon Abokina Rufewa

 

Yau na ajiye zancen katin zaɓe da na 'yan majalisa. Labarin wani ɗan shago zan ba ku a nan Kano, wanda ya kusa rufewa a 2023, har yanzu kuma yana nan a buɗe. Situdiyon kiɗa ne. Na san da jin haka wasu za su ce, to fa, yau kuma nanaye za a yi mana? Ku ɗan yi haƙuri. In kana koyar da ɗinki, ko gyaran waya, ko lesin kake yi wa yara a gida, kusan duk abin da zan faɗa ya shafe ka.

Mai situdiyon abokina ne, tare muka yi jami'a. Da muka dawo daga bautar ƙasa kowa ya shiga yawo da takardu, shi ya kama shago a unguwarsu. Ba irin manyan situdiyon Titin Gidan Zoo ba ne. Kwamfuta ɗaya, fiyano ɗaya, makirfo ɗaya, sai soson katifa da ya manna a bango. Yana buga wa mutane waƙar biki, da ta yabo, da tallan kaya. Ranar Asabar kuma yana koya wa matasa fiyano da haɗa sauti.

Kun tuna farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, farashin fetur ya ninka fiye da sau biyu. Situdiyo kuwa in ba wuta, ɗaki ne kawai mai zafi. Wata rana da daddare ya kira ni ya ce, “Mutumina, nemo min mai sayen kayan nan. Na gaji.”

Ni ko tafi ban iya yi daidai da kiɗa ba, wannan sanannen abu ne a cikin abokaina. Amma na iya lissafi. Na ce masa kafin a sayar, bari in zo mu zauna. Na tambaye shi nawa ya samu a watan da ya wuce. Ya ce, “Ana dai samu.” Su wa kake bi bashi? Ya fara ƙirga da yatsu, ya kai mutum tara ya rikice. Ɗalibai nawa ka fara da su? Goma sha huɗu. Nawa suka rage? Biyar.

A nan na gane cewa tsadar mai ta same shi ne da ma yana zuba ta wurare uku: ɗalibai suna guduwa, kuɗi ba a san inda suke ba, aikin da aka gama kuma ba shi da ma'ajiya. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, zan fi daɗewa a kan ɗaliban don nan ne zuciyar maganar.

Mun bi waɗanda suka daina zuwa mun tambaye su dalili. Kusan bakinsu ɗaya: ba sa ganin suna ci gaba. Yaro ya zo Asabar, a nuna masa inda zai ɗora yatsu, ya tafi gida. Gidansu ba fiyano. Kwana shida ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Asabar ta zagayo ya dawo fes kamar bai taɓa zuwa ba, a sake farowa. Wata uku a haka, dole ya ce shi ba shi da baiwa. Alhali ba baiwa ya rasa ba, kwana shidan nan ne suka cinye shi.

To sai muka ce, malami awa biyu yake tare da ɗalibi a sati, waya kuwa tana aljihunsa dare da rana. Me zai hana ta riƙe masa darasin?

Abu na farko, duk ranar darasi, kafin a tashi, abokina yana ɗaure wayarsa a jikin sandar makirfo ta kalli madannan fiyano daga sama, ya buga abin da aka koya a hankali. Minti ɗaya, bai fi biyu ba. Ba fuska, ba dogon surutu, yatsu kawai. Wanda ba shi da data a tura masa ta Xender ko Bluetooth nan take. Akwai yaron da wayar yayansa yake ara, shi a katin memori ake sa masa.

Na biyu, ranar Talata da Alhamis kowane ɗalibi sai ya turo aikinsa a WhatsApp. Akwai manhajojin fiyano na kyauta a waya. Ba za su ba ka nauyin madanni na gaske ba, amma sun isa ka riƙe jerin sauti a kai. Akwai kuma manhajar da take ƙirga bugu, tak, tak, tak, wadda ko fiyano babu za ka iya kunna ta ka bi da tafi ko ka buga a cinya. Ɗalibi ya naɗi daƙiƙa talatin ya turo, malam ya saurara ya mayar da amsa da murya: a nan ka yi gaggawa, a nan ka yi daidai. Gyara ɗaya kawai a kowane saƙo. In ka jero wa yaro kurakurai bakwai, ba zai sake turowa ba.

Ga wasu abubuwa biyu da sai da muka sha wahala muka gane. Sautin da aka tura a WhatsApp a matsayin saƙon murya, manhajar tana matse shi, ingancinsa ya ragu. Don atisaye ba komai, amma in aikin haɗa sauti ne ake son malam ya ji da kyau, a tura shi a matsayin fayil. Sannan kiran bidiyo ba ya yi wa mutum biyu su buga kiɗa tare, saboda sauti yana ɗan makara kafin ya isa, kowa zai ji kamar ɗayan ne yake lattin bugu. Mun ɓata data sosai kafin mu haƙura. Naɗa ka tura ya fi.

Masu koyon haɗa sauti kuma, a situdiyo FL Studio ake amfani da shi kamar yawancin situdiyon garin nan, amma a gida muka ɗora su a kan BandLab, wanda kyauta ne kuma yana aiki a waya. Mai tsohuwar kwamfuta ya sa Audacity, shi ma ba a biya. Yaro ya zo Asabar da abin da ya haɗa da hannunsa, ko da ya yi muni, an sami abin gyarawa.

Akwai wani amfani da ba mu taɓa zato ba. Wata ɗaliba mai son koyon haɗa sauti, mahaifiyarta ta zo da kanta har shagon. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, “Ɗana, me kuke koya wa 'ya'yan mutane a cikin ɗakin nan da kuka toshe da soso?” Gaskiya tambayar tana kan hanya. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan situdiyo, wani ƙarya ne, wani kuma ba ƙarya ba ne. Abokina ya ce, “Mama, ki shigo ki gani.” Ta ce ba za ta shiga ba. Sai na ce, “To Mama, ki ba mu lambarki. Duk bidiyon da za a tura mata, ke za a fara tura wa. Duk abin da za ta turo, ta wayarki zai biyo.” Ta yi shiru, sannan ta ce ƙaninta zai riƙa rako ta, kuma kafin la'asar ta koma gida. Muka ce mun yarda. Daga ranar muka mayar da shi doka ga duk wanda bai kai shekara goma sha takwas ba: lambar uwa ko uba tana cikin zaure, malami ba ya yi wa ɗaliba saƙo ta bayan fage, ƙofa kuma a buɗe take lokacin darasi. Kunya da tsoron iyaye ba a kawar da su da gardama a Facebook. In suka ga abin da ake yi da idonsu, hankalinsu yakan kwanta.

Yanzu ga inda kwamfuta ta gaza, don kar ku ce talla nake mata. Hausa harshe ne mai karin sauti. Ku faɗi “baba” na mahaifi, ku faɗi “baba” ta uwa, ku faɗi “baba” na rini. Harufa ɗaya, ma'ana uku, hawa da saukar murya ne ya raba su. Manhajar da take gyara wa mawaƙi murya ba ta jin Hausa. Za ta ja muryarka ta kai ta inda lissafi ya ce, ko da kalmar ta karye. Shi ya sa wata waƙar za ka ji kiɗa ya yi daɗi, amma sai ka nemi a rubuta maka baitin kafin ka gane. Mamman Shata da ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ko Barmani Choge da ƙwaryarta, babu wanda yake neman a fassara masa abin da suka ce. Kalma suke bi, kiɗa ya biyo baya.

Saboda haka muka nemo wani dattijo makaɗin kalangu, wanda ya yi shekaru yana yi wa mahauta kiɗa. 'Ya'yansa ba wanda ya gaje shi, babban Adaidaita Sahu yake ja. Sau ɗaya a wata yake zuwa. Ranar farko yaran suka kunna masa kalangun da ke cikin kwamfuta, ya saurara ya ce, “Yaro, wannan ai kurma ne. Yana ƙara, ba ya magana.” Ya matse tsirkiyar nasa a hammata ya kira sunan ɗaya daga cikinsu da ganga, yaron ya amsa kafin ya ankara. Ɗakin ya kaure da dariya. Muna naɗar duk zamansa, da izininsa, ana biyan sa, kuma an rubuta cewa ba za a sa kiɗansa a waƙar kowa ba sai an koma wurinsa. Ba mu je mu kwashe ilimin tsoho a banza mu bar shi da “Allah ya saka” ba.

Sai batun kuɗi, zan yi sauri a nan. Ya buɗe asusu daban na situdiyo, kuɗin cefane ba ya haɗuwa da na aiki. Kowane aiki ana ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, in ba a ga alat ba, ba a tayar da inji. Waƙa ba ta fita sai an cika, mai ita samfurin da aka yanke kawai yake ji. Na buɗe masa jadawali a Google Sheets mai layi biyar: suna, aiki, kuɗin da aka yi, wanda aka bayar, saura. A WhatsApp Business ya jera farashinsa, duk wanda ya tambaya a tura masa, an huta da “haba, ni ne fa”. Abokai biyu sun yi fushi sun daina zuwa. Da muka duba jadawali, su ne kan gaba a bashi. Ranar da aka ware wa aiki kuma aka haɗa masu zuwa a jere, inji ya tashi sau ɗaya maimakon sau huɗu. Daga abin da aka tara ya sayi ƙaramar sola da batir da suke ɗaukar kwamfuta da fanka.

Ma'ajiya kuwa, a jikinsa ya koya. Kafin in zo, rumbun kwamfutarsa ya taɓa mutuwa da aikin wata uku a ciki, har da waƙar bikin da saura kwana huɗu a ɗaura aure. Sai da ya kira mawaƙin aka kwana ana sakewa, kyauta. Yanzu kowane aiki wuri uku yake zama: a kwamfuta, a rumbun waje da yake tafiya da shi gida, sannan wanda aka kammala a ɗora a Google Drive cikin dare lokacin da data take da sauƙi.

Abu na ƙarshe, takarda. Waƙa in ba ta yi suna ba, kowa ɗan'uwa ne. Ranar da ta fashe a YouTube ko Audiomack, a ranar ake fara tambayar wa yake da kiɗan, wa yake da baitin. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba za ta tuna muku abin da kuka yi alkawari da baki a bakin shago ba. Ku rubuta, ko da shafi ɗaya ne, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto. Ku yi wa sana'ar rajista a CAC. In a Kano kuke, ku je Hukumar Tace Fina-finai ku ji sharuɗɗanta tun kafin ta zo ta same ku.

Ba zan ce muku abokina ya yi arziki ba. Akwai watan da haya kawai ake fitarwa. Amma ɗalibansa yanzu goma sha ɗaya ne, biyu daga cikinsu sun fara karɓar ƙananan ayyukan talla da kansu, ɗaya kuma shi yake riƙe situdiyon in oga ya yi tafiya. Yarinyar nan ita take gyara sautin wannan shirin da kuke ji. Mahaifiyarta har yanzu ba ta shiga ɗakin ba, amma ranar da aka makara ba a turo bidiyo ba, ita take fara kira.

Ga aikin da zan bar muku. In kana koyar da wani abu, ko mene ne, a satin nan ka naɗi minti ɗaya na abin da ka koyar ka tura wa ɗalibanka, ka ce su mayar maka da nasu kafin Alhamis. Sannan ka zauna ka rubuta sunan duk wanda kake bi bashi. Ku faɗa min a ƙasa abin da kuka tarar, musamman na biyun, na san za a sha mamaki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.