Dillalin Fili: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya Kan Samarinmu 'Yan Ƙwallon Kwando

  

Maganar da ke gabanmu ita ce ta yaron nan mai rabon ƙwallo a cikin samarin da ƙungiya ke saya wa riguna da takalma. Wasu sun ce a ajiye shi, wai ba ya jefa ƙwallo a kwando. Gaskiya ne, hannunsa bai faye saiti ba. To amma kafin a yanke hukunci, mu duba sana'armu.

Mu da muka zauna a Potiskum tare da Ngizim da Karekare da Bolewa, galibinmu kasuwa ce ta kawo kakanninmu. A kasuwar shanu, dillali ba shi da ko maraƙi ɗaya. Amma shi ya san wanda ya zo da kuɗi, ya san wanda ya matsu ya sayar, ya haɗa su, ciniki ya faɗa. Wa ya taɓa hana shi la'ada don ba shi da garke?

Haka wasan nan yake. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, ƙwallo ɗaya, kuma daƙiƙa 24 kawai ake ba su su jefa. In kowa ya ce shi zai ci, lokaci ya ƙare ana rububi. Dole a sami mai ido, wanda zai ga ɗan'uwansa ya kuɓuce wa mai tsaronsa, ya miƙa masa a daidai hannu.

A Amurka an yi Rajon Rondo. Jifan kyauta, wanda ba mai tare shi, shida kawai yake ci cikin goma. Duk da haka shi ne mai rabon ƙwallon Boston Celtics da suka ɗauki kofi a 2008, kuma sau uku yana fin kowa miƙa ƙwallon da aka ci, a 2012 da 2013 da 2016.

Ba mu ce babu illa ba. Abokan hamayya in sun gane ba ya ci, sai su ƙyale shi, su taru a kan masu ci. Maganin wannan horo ne, ba kora ba. Jason Kidd da farko har ba'a ake yi masa kan jifa. Ya dage, ya ɗauki kofi da Dallas a 2011, kuma da ya bar wasa a 2013 mutum biyu ne rak suka fi shi yawan jifan nesa mai maki uku. Jifa ana koyonsa da naci. Ganin fili da rashin son kai kuwa, samunsu sai an tona.

Don haka shawararmu: a bar yaron a matsayinsa. A sa shi ya riƙa jifa ɗari kullum bayan la'asar, wani babba na ƙirga masa. Masu ci kuma su daina yi masa gori, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In muka kore shi, mun koya wa 'ya'yanmu cewa wanda aka tafa wa ne kaɗai ya yi aiki. Gobe kuwa su za su riƙe ƙungiyar nan.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu.