Karatun Gadon Jiki: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Yaran Da Ba Su Tsawo

Maganar da na zo da ita yau a kan yaran da sa'o'insu ke wuce su tsawo ne, da wata dabara da likitoci suka samu ta gane dalili.

Da farko ku sani, yawancin yaran da suka tsumbure, rashin abinci mai gina jiki ne ya kawo, ko yawan zawo da zazzaɓi, ko amosanin jini. Waɗannan likita ya kan gane su ba da wuya ba. Amma akwai kaɗan waɗanda suna ci suna ƙoshi, duk da haka ba su tsawo. Nasu daga gado ne.

Ga yadda gadon yake. Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Cikin ƙwayar akwai wasu zare 46, watau 23 daga uba, 23 daga uwa. A jikin zaren akwai rubutu mai haruffa iri 4 kawai, amma jerinsu ya kai wajen miliyan dubu 3. Rubutun nan shi ke umurtar jiki yadda zai ginu. A 1977 wani Bature na Ingila, Frederick Sanger, ya fito da hanyar karanta shi harafi bayan harafi, a 2003 kuwa masana suka ba da sanarwar kammala babban aikin karanta na ɗan Adam. Yanzu jini kaɗan ko yawu ya isa a yi karatun. Ku malamai kun san yadda kuskuren harafi ɗaya ke ɓata takarda. To, haka yake a jiki.

Misali na fari shi ne irin wadannin da aka fi gani, masu gajerun hannuwa da ƙafafu da babban kai. A 1994 aka gane cewa harafi ne ya sauya a wurin da likitoci ke kira FGFR3, sai ƙashi ya riƙa jinkirin tsawo. Wajen 8 cikin 10 na yaran nan iyayensu masu tsawo ne kamar kowa, sauyin a kan yaron ya fara. Saboda haka ba laifin uwa ba ne, ba kuma sammu ko iska ba. A 2021 hukumomin Turai da Amurka suka yarda da wata allura mai ƙara wa irin yaran nan tsawo.

Misali na biyu ciwon Laron ne, wanda likita Zvi Laron na Isra'ila ya bayyana a 1966. Yaron yana da sinadarin girma a jininsa isasshe, amma jikinsa ba ya karɓarsa. In an yi masa allurar sinadarin girma da aka saba, an yi asarar kuɗi ke nan, gama wani sinadari dabam yake bukata, mai suna IGF-1. Ciwon nan sai yaro ya gaji kuskuren daga uwa da uba duka biyu yake fitowa, su kuwa iyayen lafiyarsu lau. In duka suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4. Domin haka aka fi ganin irinsa inda ake yawan auren zumunci.

Kun ga ke nan yara biyu, tsawonsu ɗaya, amma maganinsu dabam. Karatun gado shi ke raba su. Lalle yana da tsada, sau da yawa sai an aika da jinin ƙasar waje, kuma ba kullum ake samun amsa ba. Likita ne zai faɗi wanda ya kamata a yi wa.

Abin da ya sa na ce a hanzarta shi ne, ƙashi yana tsawo ne daga guringuntsin da ke kusa da bakinsa. In yaro ya gama balaga guringuntsin ya zama ƙashi, ba allurar da za ta ƙara masa ko taƙi ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ga roƙona. Ku umurci dagatai da masu unguwa su sa iyaye su riƙa kai yara awon tsawo da nauyi, su kuma adana katin awon. Yaron da ƙanensa ya kamo shi tsawo, a kai shi asibiti, in ta kama a tura shi babban asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya ko na Malam Aminu Kano a Kano. Malamai su taimaki iyaye su rubuta shekarar haihuwar yaron, da dangantakar uwa da uba, da ko an taɓa samun irinsa a dangi. Abin da aka rubuta kuwa asirin gidan ne, likita kaɗai za a ba.

Daga ƙarshe, ku hana a mai da yaran nan abin dariya ko a hana su makaranta. Masu ciwon nan biyu da na ambata, galibinsu hankalinsu daidai yake da na kowa.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.