Jawabin Da Aka Yi A Taron Ƙungiya A Birni Kan Sana'ar Kwalliya

Dattawanmu, iyayenmu mata, da ƴan uwa da suka dawo daga ci-rani, barkanku da zuwa. An ba ni umarni in yi magana a kan kuɗin da kuke aikowa gida, da yadda za su zama jari a hannun matanmu.

Kada kowa ya raina kitso da lalle da turare. Damagaram ta daɗe ƙarƙashin Barno, kuma daga wajen Barebari muka san humra da turaren wuta. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin Arewa ke sauka a Zango da kayan ƙamshi. Abin da sana'ar nan ta fi wasu da shi, mace tana yinta cikin gidan mijinta, ba hayar shago, kuma biki da suna da Sallah ba su ƙarewa.

To, ina jarin yake mutuwa? Bashi ne na farko. Uwar amarya ta ɗauki kwalabe goma ta ce sai bayan biki. Biki ya watse, kunya ta hana a bi ta domin ƴar uwa ce. Humra kuwa ba kamar ƙosai ba ce da ake soyawa a sayar a yini ɗaya. Farce sai an wanke an soya an daka, a haɗa da sandal da miski, a rufe kwalba ta yi makonni kafin ƙamshi ya zauna. Kuɗin mai sana'a na kulle duk tsawon lokacin nan, in kuma an ƙara mata da bashi ta tashi daga aiki. Ku maza, in kun ba da jika hamsin, ku bar su su juya. Wanda ya ba da jari da safe ya karɓi kuɗin cefane daga ciki da marece, bai ba da kome ba.

Sai maganar hanya. Yawancin kayan daga Kano suke, daga Kurmi da Sabon Gari. Dattawa sun tuna Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, turaren waje ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyaka har Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023. Waɗanda suka tsira su ne masu aiki da ganyen lalle da man shanu da sabulun salo, abin da ake samu a Kasuwar Dole. Mai son jari kuma ta shiga asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya fi rancen ruwa sauƙi.

Abu ɗaya nake roƙon iyayenmu mata su hana: man shafawa mai sa fari. Riba gare shi, na sani, amma yana cinye fata, wani ma yana taɓa ƙoda. Ƙasar Kodibuwar ta haramta shi tun 2015. Haka baƙin lalle da ake haɗawa da maganin rina gashi, yana tayar da ƙuraje a hannu. Amarya ɗaya ta kumbura a Birni, kafin la'asar an san gidan da aka yi mata.

Mai son a sa sunan matarsa ko ƴarsa cikin masu koyon haɗin humra, ya ga magatakarda bayan an shafa fatiha.