Tunawa da Mahaifina: Jawabin da Na Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

Da farko ina godiya ga Allah da Ya sake haɗa fuskokinmu a wannan harabar da ta raine mu. Sa'an nan, a madadin mahaifiyarmu da sauran dangi, ina miƙa godiya ga dukkan waɗanda suka taka har gida, ko suka aiko, domin yi mana ta'aziyyar rasuwar mahaifinmu. Allah Ya bar zumunci. Shugabanni sun nemi in ce wani abu a kansa, kasancewar da yawa daga cikinku sun san shi, wasu ma sun ci ƙuli-ƙulin da yake kawo mini.

Malam, kamar yadda kowa ke kiransa har da mu 'ya'yansa, bai san ranar haihuwarsa ba, domin a lokacin ba a rubutawa a ƙauye. Abin da yakan ce shi ne, yana da wayo sosai lokacin da aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a Kaduna cikin 1956, kuma yana kwalejin horon malamai aka kashe Sardauna a watan Janairun 1966. Da ya fito sai ya kama koyarwa a firamare, bai kuwa ajiye alli ba sai da ya cika shekara 35 ɗin da doka ta yanka wa ma'aikaci.

A bakinsa na fara jin tarihin ƙasar nan. Ya ba mu labarin farin 1973, yadda yara suka riƙa zuwa aji ba su karya ba, da yadda a shekarar aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, ya zama shi ne mai yi wa tsofaffin ƙauye lissafi ranar kasuwa. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, gida-gida suka bi tare da mai unguwa suna roƙon iyaye su ba da 'ya'yansu, wasu na ɓoye yaran a rumbu. Da kuɗin Udoji ya sayi kekensa Raleigh, kuma da yamma a ƙofar gida yakan karanta wa maƙwabta Gaskiya Ta Fi Kwabo.

A kan wannan keken nake so in faɗi wani laifi nawa a gaban malamaina. 'Yan ajinmu za su tuna ranar ziyara, yadda motoci ke jeruwa a bakin ƙofar makaranta. Shi kuwa Malam a kan tsohon keken nan yake zuwa, ya ɗauro garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji a buhu. Wata rana, muna aji huɗu, na hango shi ina tare da abokai, sai kunya ta kama ni, na zagaya bayan ɗakin kwana na ɓuya. Ya jira har aka yi la'asar, ya bar saƙon a hannun maigadi ya koma. Da na je hutu bai tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Shekaru suka yi ta tafiya ina cewa gobe zan nemi gafararsa, har na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na kama aiki, na yi iyali. Sai a jinyarsa ta ƙarshe na iya buɗe baki. Ya yi murmushi ya ce ai ya ga wucewata a ranar, kuma tun kafin ya hau keken ya yafe.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bisa al'ada bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yabona a gabana ba. Amma da jikoki suka zo sai muka ga wani Malam dabam. Mata a cikinsu duk amarensa ne, maza kuwa abokan takara, kullum ana rigimar wanda zai ƙwace wa wani mata. Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino da alewa. Bayan magariba sai ya zaunar da su a tabarma, a biya karatun allo, a rufe da labaran Magana Jari Ce. Har yau ƙaramin ɗana, takwaransa, yakan leƙa zauren ya tambaya ko Kaka ya dawo daga masallaci.

Bayan ya yi ritaya ya sha wuyar bin haƙƙinsa. Na raka shi tantance 'yan fansho, na ga dattawa a layi cikin rana tun safe har azahar, a ƙarshe a ce fayil bai fito ba, a dawo wani mako. Ranar da na kai masa takardar ɗaukata aikin gwamnati, bai yi doguwar nasiha ba. Cewa ya yi, "Ka tuna layin nan da ka gani. Duk fayil ɗin da ya kwana a teburinka, akwai mai shi yana can yana jira." Ba zan ɓoye muku ba, a ofis an sha miƙo mini na goro, wani lokacin a ƙarshen wata, ga kuɗin makarantar yara ga haya. Abin da ke mayar da hannuna aljihu shi ne tsoron Allah da kuma tunanin yadda zan dubi idon Malam.

Bayan sadakar bakwai muka zauna domin tantance bashi kafin rabon gado, kamar yadda shari'a ta tanada. Muka buɗe akwatinsa muka sami wani tsohon littafin rubutu. Ba a binsa ko kwabo. Abin da ke ciki sunayen yara ne, marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, da abin da ya biya musu na jarrabawa da littattafai daga ɗan albashin nan nasa. Ko mahaifiyarmu ba ta san da wasu ba. A cikin sunayen har da na wani ɗan ajinmu, wanda ya ba ni izinin faɗar wannan, yana kuma zaune a cikin ɗakin nan. A shekarar da na ji kunyar keken, ashe kuɗin da Malam yake tarawa domin sayen babur ne suka tafi a kuɗin makarantar abokina.

Malamanmu na addini sun karantar da mu cewa ayyuka uku ne ke bin mutum bayan ya mutu: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko, ina ba ƙungiya shawarar ta buɗe asusun biya wa marayun wannan makaranta kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, a damƙa shi ga kwamitin da zai riƙa karanta mana lissafi a kowane taron shekara. Mu iyalan Malam mun ɗauki nauyin yara biyu a bana. Na biyu, duk wanda iyayensa ke raye, kada ya jira sai Salla ko sai an bugo waya an ce jiki ya yi tsanani. Ni Allah Ya ba ni dama na nemi gafara, ba kowa ke samun haka ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu ɗalibai da suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.