Ba a Horon Doki Ranar Jajibere

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga yadda mahayi ke sako doki a sukwane, ya zo dab da sarki ya ja zamiya, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Hawan Salla na Kano, wanda wannan hawa ke cikinsa, shi ne UNESCO ta sanya cikin al'adun da duniya ta gada a Disambar 2024. Kafin ƙiftawa da bismilla an gama zamiyar nan, amma shekaru aka kwashe a gindin turke ana gina ta. A kan waɗannan shekarun nake so mu tsaya yau.

Ina yaro, akwai wani dattijo mai kula da barga a unguwarmu. Na ga ranar da ya fara ɗora wa wani duƙushi abu a baya. Ba sirdi ba ne, tsohon buhu ne. Ya miƙa masa ya shinshina, ya goga masa a wuya, sannan ya aza masa a gadon baya. Fatar duƙushin ta yi ta karkarwa kamar ƙuda ya sauka, kunnuwa suka koma baya. Dattijo bai motsa ba, sai magana yake masa ƙasa-ƙasa. Can duƙushin ya saki numfashi, ya sunkuyar da kai, ya lashi leɓe. Nan take dattijo ya ɗauke buhun, ya dube ni ya ce, "Ɗana, na yau ya isa." Ni kuwa na zaci yanzu za a fara.

Sai da na girma na gane hikimarsa. Doki yana ɗaukar darasi ne a daidai lokacin da aka sassauta masa. Ka ja ragama, ya matsa ko da rabin taku ne, ka saki, to ya gane abin da kake nufi. In ka ci gaba da ja don kana son cikakken taku uku, abin da ka koya masa shi ne biyayya ba ta kawo sauƙi. Daga nan taurin baki ke farawa, da tutsu, da harbi.

Za a ce mini icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ɗanyen icce ma yana karyewa. Ƙasusuwan bayan doki su ne na ƙarshen ƙosawa, sai ya kai shekara 5 zuwa 6. A tsohuwar makarantar hawa ta birnin Biyana a Ostiriya, sai doki ya kai kimanin shekara 4 ake fara masa horo, kuma akan ɗauki wajen shekara 6 kafin a ce ya ƙware. Su da ke da malamai da kayan aiki ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da nake gani duk ƙarshen azumi. Saurayi ya sayi doki saura mako biyu Salla, yana so ya yi masa rawa da taƙama kamar na hakimi. Sai a danna masa linzami mai zobe, a bi shi da ƙaimi da bulala. Ranar hawa ka ga kumfar bakinsa ta yi ja. Jama'a na shewa wai doki na rawa, alhali azaba ce yake neman hanyar kuɓuce mata. Irin wannan dokin ne ke kwasa a guje ya afka cikin 'yan kallo, a ce masa mugu.

Dattijon nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kai sabon doki tsakiyar hayaniya kai tsaye ba. Da yamma yakan fita da shi kilisa tare da wani tsohon doki mai natsuwa, su tsaya can nesa da inda ake busa algaita. Gobe su ƙara matsowa kaɗan. In ya firgita, su ja baya zuwa inda ya natsu jiya. Duƙushin nan na buhu, Salla biyu ta wuce shi yana turke yana cin harawa. A ta uku aka ɗaura masa sirdin ado, 'yan bindiga suka saki wuta kusa da shi, ya kaɗa kunne ɗaya, ya ci gaba da takunsa.