Jawabi A Kan Birni Da Zangon Damagaram



Maganar Birni da Zango ta tara mu yau. Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar Birni. A zamaninsa ayarin raƙuma kan sauka Zango da hajar Tarabulus, su wuce Kano. Nasara suka ci garin a 1899. A 1926 suka ɗauke mazaunin gwamna suka kai Yamai, aka bar mu da tsofaffin soraye.

A 2018 bikin 18 ga Disamba ya zo Damagaram, aka yi aikin Zinder Sabuwa, aka gyara hanyoyi, aka ta da gine-gine. Mun yi murna, gama muna son ciniki ya bunƙasa.

Amma ku lura. In kantuna sun yi yawa haya ta tashi, baduku da maƙeri su za su fara barin unguwa. In an rushe soron ƙasa mai zane aka sa siminti da kwano, magini ya rasa sana'a, mai gida ya sha zafi da bazara.

Abu uku muke nema. Na ɗaya, kada a rushe gida sai an shawarci mutanen unguwa. Na biyu, a ba maginanmu aikin yaɓe da gyara. Na uku, a ware wa masu sana'ar hannu rumfuna da haya mai sauƙi.

Kowane reshe ya kai maganar nan ran kasuwa. Allah ya taimake mu.