A Karya Ƙafa a Yini Guda, a Koyi Tafiya a Shekara

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa likitan ƙashi ya gabatar wa 'yan uwa matasa, bayan da aka yi ta tambayarsa game da tiyatar nan da ake yayi a ƙasashen waje, wadda ake ƙara wa mutum tsawo.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), likitan ya fara da cewa masu tallar wannan aiki hoto biyu kawai suke nuna wa mutane, na gajere kafin aiki da na dogo bayan aiki. Ya ce shi abin da ke tsakanin hotunan nan biyu zai yi magana a kai, wato yadda mutum ke komawa ga tafiya da ƙafafunsa.

Ya ce asalin abin ba kwalliya ba ce. Wani likita ne a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Gavriil Ilizarov, a garin Kurgan da ke yankin Saiberiya, ya gano tun cikin shekarun 1950 cewa in an raba ƙashi biyu aka riƙa jan sa a hankali, sabon ƙashi zai tsiro ya cike gurbin. Da wannan ya riƙa jinyar waɗanda karayarsu ta ƙi ɗoruwa, da masu ƙafa ɗaya gajera. Sai daga baya ne masu kuɗi, lafiyarsu ƙalau, suka fara biya a karya su.

Daga nan sai ya bayyana yadda ake yi. Ya ce ana yanka ƙashin cinya ko na ƙauri, ƙafa biyun duka, a zura sandar ƙarfe cikin ɓargo, ko a kafa ƙarafa daga waje. Bayan kamar mako guda sai a fara ja. Irin sandar da ake kira Precice, wadda Amurka ta amince da ita a 2011, maganaɗisu ne a cikinta. Majinyaci ya ɗora wata na'ura a cinyarsa, sandar ta miƙe kaɗan. Ƙa'ida ita ce milimita 1 a rana. In an yi gaggawa ƙashin ba zai tsiro ba, in an yi nawa kuma zai haɗe tun ba a gama ba. Saboda haka mai neman santimita 8 a cinya, wato kamar inci 3, tsawon ɗan yatsa ke nan, zai yi kwana 80 ana jan sa.

"'Yan uwa," in ji shi, "ƙashi mai biyayya ne. Masu gardamar su ne tsoka da jijiya." Ya ce kullum ƙashi ya ƙaru, tsokar da ke kansa sai ta ɗaure kamar tsirkiyar baka. Gwiwa ta ƙi lanƙwasa, ƙugu ya ƙage. Wanda aka ja wa ƙauri kuwa, diddigensa kan ƙi taɓa ƙasa, ya zama yana tsayuwa a kan yatsu. Don haka dole kusan kullum ya je wurin masu gashin ƙashi su miƙar da shi da ƙarfi, yana gumi yana cije leɓe, ya dawo gida ya ci gaba da kansa. Dare kuma barci sai ɓarawo, saboda zogin jijiya. Ya ce wanda ya yi wa gashin nan lalaci, zai sami tsawon amma ya rasa tafiyar.

Ya ci gaba da cewa ranar da aka daina ja ba ita ce ranar sallama ba. Sabon ƙashin yana nan laushi, sai ya yi wasu watanni kafin ya yi ƙwari, kuma sai hoton ƙashi ya nuna haka likita zai yarda a taka da dukkan nauyi. Wanda ya yi gaggawa yana iya lanƙwasa sandar ko ya karya ta, a koma ɗakin tiyata. Matakan ba su da tsallake: keken guragu, sannan ƙarfen dafawa mai ƙafa huɗu, sannan sanda biyu, sannan ɗaya. Ranar da ya ajiye sandar ma, tatata zai yi kamar yaro, yana rangaji irin na agwagwa, domin tsokar ɗuwawu ta yi rauni. Tafiya sosai kan ɗauki wata shida zuwa shekara, gudu ya fi haka, sannan bayan shekara ɗaya ko biyu a sake tiyata a zare ƙarfen.

A nan ya tambayi 'yan uwa: wa zai ɗauke ka zuwa bayi? Wa zai miƙo maka buta? Ya ce watanni mutum zai yi yana sallah a zaune, yana marmarin ya kai goshinsa ƙasa, gwiwa ta hana.

Bai ɓoye haɗurran ba. Ya ambaci gudan jini ko kitsen ɓargo da kan bi jini ya toshe huhu, wanda kan yi kisa. Da lalacewar jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, mutum ya koma jan ƙafa. Da ruɓewar wurin da ƙarfe ya huda fata. Ya ce ƙasar Sin ta hana yin aikin don kwalliya a 2006, bayan da ya nakasa mutane a hannun waɗanda ba su ƙware ba. Wata sandar ma mai suna Stryde, wadda aka yi don a riƙa takawa da wuri, an janye ta daga kasuwa a 2021. Kuɗin kuwa a Amurka dubban daloli ne masu yawa, shi ya sa wasu ke tafiya Turkiyya ko Indiya neman sauƙi.

Sai ya kawo labarin Valery Brumel, ɗan wasan tsalle na Sobiyat, wanda ya tsallake mita 2.28 a 1963, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. A 1965 ya yi haɗarin babur, ƙafarsa ta dama ta ragargaje, aka yi ta tiyata ba nasara, har ya isa hannun Ilizarov a 1968. Ya warke, ya yi tafiya, har ya koma tsalle, amma bai sake kai inda ya kai a da ba. Likitan ya ce irin wannan ake yi wa aikin, kuma riba ce gare shi, don ƙafar da aka kusa yankewa ya samu. To mai lafiya fa, me zai samu? Kada garin neman gira a rasa ido.

Daga ƙarshe ya juya ga masu tsokana. Ya ce ba wanda ke kai ƙafarsa a karya haka siddan. Sunayen da ake laƙaba masa tun yana makaranta ne ke kai shi, da dariyar majalisa, da budurwar da ta ƙi shi. Ya roƙi 'yan uwa su kame bakinsu daga gajartar wani. Wanda kuma ke da ɗan uwa a kwance, ko na ɗori ko na haɗarin hanya, ya je ya riƙe masa kafaɗa ranar da zai fara takawa.

Bayan amsa tambayoyi sai aka rufe da addu'ar Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, aka sallami kowa.